Tukunyar da Ba Ta Ga Sabulu Ba

Shekara tara ke nan cif da muka kai ƙanwata Rabi makwancinta. A wurin aikinta Dakta Rabi'atu ake kiranta. A ƙauyenmu kuwa, wanda ke tsakanin Tofa da Rimin Gado, akwai waɗanda har yau, in sun tabbata ba na kusa, "mai giya" suke ce mata. Na daɗe ina jin wannan suna ina haɗiye shi kamar maɗaci. To, bana na ƙoshi. Ni ne yayanta, Sale, tsohon malamin firamare, yanzu noma kaɗai nake yi. Abin da zan rubuta a nan ba duka ne zai yi mini daɗi ba, domin ni ma da hannuna a cikin abin da aka yi mata.

Sai na fara da tukunya, in ba haka ba mai karatu ba zai gane Rabi ba. Mahaifiyarmu, Inna, waina take soyawa tana sayarwa har muka girma. Ba ta taɓa sayen yis na leda ba. Kullum in ta gama suya sai ta rage ludayi guda na ƙullu a gindin tukunya, ta zuba sabon niƙa a kai, ta rufe da faifai, kafin wata suyar ya tashi har yana ɗaga murfi. Tukunyar ta ƙasa ce, wurin kakarmu ta gaje ta, kuma doka ɗaya gare ta: ba ta ganin sabulu, ba ta ganin ruwan zafi. Da bazara, lokacin da zafi kan sa ƙullun sauran mata ya yi tsami ya kwanta, na Inna tashi yake yi abinsa. Mata suka ce hannu ne. Rabi tana 'yar shekara takwas ta tambayi Inna mene ne a cikin tukunyar, Inna ta ce albarka ce. Rabi ta ce ita so take ta ga fuskar albarkar. Da ludayi Inna ta kore ta ranar.

Ta kuwa gani. Ta yi karatu har ya kai ta ɗakin gwaje-gwaje, ta ɗebi cokali ɗaya na ƙullun Inna ta sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ta dawo ta gaya mini cewa yis halitta ce mai rai, tana ci tana haihuwa, kuma tana da gado kamar yadda gero yake da shi. Ta san ni manomi ne, don haka da maganar gona ta yi mini bayani. Ta ce yadda nake ware zangarniya mai kyau in rataye don iri, haka take ware yis. Na tukunyar Inna yana jure zafin da ke kashe na kanti, amma malalaci ne wajen cin zaƙi. Akwai wani mai saurin ci, amma rago ne, rana ta ɗaga ya mutu. Aikinta shi ne ta haɗa su su hayayyafa, ta duba 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, ta karanta rubutun gadon da ke cikin ƙwayarsu, ta gano inda aka rubuta juriyar nan, ta riƙe wanda ya gaji uwa ya gaji uba. Shekara bakwai ta yi tana wannan zaɓen iri a cikin kwalabe da ba su kai yatsa ba.

Dalilinta kuwa ba waina ba ce. Yis in ya ci zaƙi, ruwa yake bari mai kama wuta, wanda suke kira itanol. Rabi ta ce takanɗa, wannan dawa mai zaƙin kara da muke shukawa a gefen gona yara su tsotsa, tana iya ba mu man girki, har ma a gauraya a injin ban-ruwa. Abin da ya hana, in ji ta, shi ne yis ɗin da manyan masana'antu ke aiki da shi na ƙasashen sanyi ne, sai an yi ta sanyaya masa tanki, mu kuwa ina muka ga wutar yin haka. Wanda zai yi aiki a zafin Kano ba fanka ba firij, shi take nema. Ni ba zan iya auna girman aikinta da ma'aunin masana ba, kuma ba zan yi ƙaryar na iya ba. Abin da na gani da idona shi ne wasiƙun da masu irin aikinta ke aiko mata daga nesa suna tambayar wannan yis, da ɗaliban da ta yaye, waɗanda yau su ma suke koyarwa.

Shekara uku kafin rasuwarta ta ce lokaci ya yi da za a gwada abin a ƙauye, a zafin gaske. Ta kawo duro huɗu ta jera a bayan gidanmu, aka matse takanɗa aka zuba, ta sa yis ɗinta. Kwana uku wari ya tashi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta inda ake dafa abin da Allah ya haramta ya san warin, wanda bai taɓa ba ma sai ya yi kamar ya sani. Alhaji Ɗanlami, maƙwabcinmu mai fataucin raguna, shi ya fara kai maganar kasuwar dabbobi. Kafin mako ya zagayo, an ce 'yar boko ta buɗe gidan giya a bayan ɗakin uwarta. Limaminmu, Allah ya jiƙansa, ya zo da ƙafarsa ya duba. Ya tambaya ko ana sha. Rabi ta nuna masa abin ɗacin da take zubawa a ciki, wanda ko akuya ba za ta lasa ba, ta ce ɗan'uwan sifirit ne da ake goge wa mutum hannu da shi kafin allura. Liman ya ce shi bai ga abin tayar da hankali ba. Amma maganar liman a zaure aka yi ta, ta Alhaji Ɗanlami kuwa a kasuwa.

Wani abu da har yau yake ba ni dariya mai ciwo shi ne, duk tsawon kwanakin nan Alhaji bai fasa aiko a kwasar masa tuƙar takanɗar da aka matse ba, don ya ga ragunansa suna ƙiba da ita. Ragunan nan an yi layya da su a shekarar. Ban ji wanda ya mayar da nasa ba.

Inna ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. Aka daina sayen wainarta, aka ce da abin ake tayar da ƙullun. Ni kuma aka fara gaishe ni a tsaitsaye. Na je na sami Rabi na ce ta kwashe durorinta. Ba ta yi musu ba da farko. Ta ɗauko wani ɗan risho, ta tsiyaya ruwan da ta tace daga duro a ciki, ta ƙyasta ashana. Wuta ta tashi shuɗiya, ba hayaƙi, ba baƙi a gindin buta. Ta dafa shayi ta miƙo mini. Na sha, ya yi daɗi, na ajiye kofi na sake cewa ta kwashe.

Ta dube ni ta ce, "Yaya, ka gani fa da idonka. Amma kunnenka ya fi idonka ƙarfi."

Ta kwashe washegari. Ba ta daina gaishe ni ba, ba ta daina aiko wa iyalina tsaraba ba, amma ba ta ƙara yi mini maganar aikinta ba har ta bar duniya. Na kuma je wa Inna da shawarar ta jefar da tsohuwar tukunya, ta sayi roba da yis na leda kowa ya gani, a huta. Inna ta ce in tashi in ba ta wuri. Wata huɗu tana soya waina kullum safiya ba mai saye, tana rabawa sadaka a ƙofar gida, don kawai kada ƙullun ya kwana biyu ba a taɓa shi ba ya mutu. Na ce mata taurin kai ne. Da sannu masu saye suka dawo, don ciki ba ya riƙe gaba.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Da jinya ta kwantar da Rabi, ta sa ɗalibarta Binta ta kwaso mata kwalaben nan duka zuwa gidanta na Rijiyar Zaki, inda ta sa sola da firiza, don kada su yi nisa da idonta. Mijinta ya riga ta rasuwa, don haka da ta cika ni ne babba a gidan makoki. Mun dawo daga maƙabarta, gida ya cika, ga zafi, mata suna neman inda za a sanyaya wa baƙi ruwa. Aka buɗe firiza aka tarar da ita cike da ƙananan kwalabe masu rubutu. Aka kira ni. Na san ba magani ba ne. Na san ko mene ne. Amma a waje ga tabarmi cike da mutanen ƙauyenmu, har da Alhaji Ɗanlami, sai zuciyata ta ce mini in wani ya leƙo ya gani, za a ce ga shaida, har cikin gidanta. Na ce wa kaina mutuncin gawa nake karewa. Na sa aka kwashe su a buhu aka kai bola, aka wanke firizar da sabulu, aka cika ta da ledojin ruwa.

Ranar addu'ar uku Binta ta iso daga garinsu. Ta yi gaisuwa, ta wuce kai tsaye wurin firizar ta ɗaga murfi. Ina tsaye ina ganinta. Ta daɗe tana kallon ledojin ruwan nan, sannan ta zauna a ƙasa. Ba ta yi kuka mai sauti ba, ba ta tambayi wanda ya yi ba. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ni ko wannan mafaka ba ni da ita. Tsoron baki ne ya sa na zubar da shekara bakwai na rayuwar ƙanwata a rana ɗaya, don mutanen da suka ɓata mata suna su sha ruwan sanyi.

Shekara biyu na yi ina ɗauke da wannan. Sai wata safiya Binta ta zo ƙauye gaishe da Inna. Da bazara ne. Aka kawo mata waina, ta kai baki, sai ta tsaya da tauna. Ta tambaya ko har yanzu tukunyar nan ce. Inna ta ce to wace ce in ba ita ba. Binta ta ce a shafin farko na littafin aikin Dakta, inda ake rubuta asalin kowane iri, abin da aka rubuta shi ne "daga tukunyar Inna". Jikokin sun tafi a buhu, amma kakar tana nan da ranta a gindin tukunya, ga kuma littattafan da suka nuna hanya. Ta roƙi cokali ɗaya.

Inna ta ce, "Ɗebi biyu, 'yar nan. Amma ki bar mini na gobe."

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya dawo. Bai dawo ba. Binta, wadda yanzu ita ma Dakta ce, sai da ta sake bin hanyar tun daga farko, shekara bakwai ita ma, kuma ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa akwai iri biyu a cikin waɗanda na zubar da har yau ba ta sake samun kamarsu ba, wataƙila ba za a samu ba. Inna ta rasu shekara uku da suka wuce ba ta ga ƙarshen abin ba. Tukunyar tana hannun matata Ladi, da dokarta.

Nakan zauna in tambayi kaina abin da Rabi za ta ce da ta ga yau. Da ta ga yadda kuɗin fetur ya sa masu noman rani suna shayar da rabin gona su bar rabi. Da ta ga waɗanda suka sayi tukunyar gas sun jingine ta a lungu sun koma gawayi. Ɗorawar da muka sha inuwarta a hanyar makaranta an sare, kanyar bakin rafi ma an sare, gari kuma yana ta tahowa daga Rijiyar Zaki yana cinye gonaki fuloti-fuloti, har kara ya zama abin saye. Na ga mace a unguwarmu tana hura wuta da leda da tsohon takalmi, idanunta jawur, da goyo a bayanta. Masu rubuta ta'aziyya sukan ce mamaci da zai yi shiru ya yi addu'a. Rabi ba haka take ba. Bakinta da kaifi, kuma ba ta iya yafe wauta da wuri ba. Da sai ta ce ai ta gaya mana, ta maimaita sau uku, sannan ta naɗe hannun riga ta tambaya ina durorin.

Ina jin manya a rediyo yanzu suna maganar man da ake samu daga tsiro kamar jiya aka saukar da shi daga sama. Ba na jin haushinsu, gara a makara da a ƙi zuwa. Haushina yana nan kusa, a kan mu da aka kawo mana abin har bayan ɗaki, daga tukunyar uwarmu, da hannun 'yarmu, muka toshe hanci muka kore shi. Mun iya karɓar abu in ya zo a jarka daga nesa da tsada, ba ma tambayar yadda aka yi shi. In na gida ne ya yi, sai mu tuna muna da hanci.

Bana Dakta Binta ta zo ta ce irin ya kai a sake gwada shi a ƙauye, in zan yarda. Ta ce in ba zan iya ba ta fahimta, za ta nemi wani gari. Labari bai kwana ba. Mako biyu da suka wuce, bayan la'asar, dattawa uku suka yi mini sallama, Alhaji Ɗanlami a gaba, ya tsufa yanzu, da sanda yake tafiya. Bayan gaisuwa ya ce sun ji abin nan zai dawo, gari ya zauna lafiya shekara da shekaru, kada a tono abin da aka binne. Ya ce shi ba don kansa yake faɗa ba, amma in tuna Ladi da waina take rufa mana asiri, kuma mutum ba ya rayuwa sai da mutane. Gaskiya ne, kuɗin fanshona ba ya kai mu ƙarshen wata, tandar Ladi ce ke cikasawa. Tsohon tsoron nan ya dawo mini, ba zan ɓoye ba.

Na ce, "Alhaji, wancan karon a bayan gida aka ajiye su, shi ya sa kuka ji wari ba ku ga wuta ba. Wannan karon a ƙofar gida za a ajiye."

Suka tashi ba su sha ruwan da aka kawo musu ba. Na shiga gida ina tunanin yadda zan gaya wa Ladi na jefa sana'arta a wuta ban shawarce ta ba. Ashe ta ji komai ta bayan zana. Tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce Inna ta soya wata huɗu ba mai saye, ita ma ta iya sadaka.

Ga shi kuwa an fara. Tun daga ranar, gida biyar da suke aiko da kwano kullum safiya sun daina. Wani da muke sahu ɗaya da shi shekara talatin ya koma ɗaya gefen masallaci. Ina gani, kuma yana yi mini ciwo, don ni ba dutse ba ne. Amma na riga na gwada ɗaya hanyar. Na sayi gaisuwar mutane da aikin ƙanwata, na ga abin da na samu: suna gaishe ni, suna kiranta mai giya. Wannan ciniki ba zan sake yinsa ba. Gonata ta bakin hanya, wadda kowa ke wucewa ta gefenta ranar kasuwa, takanɗa na shuka a cikinta daga wannan kai zuwa wancan.

In na auna abin da ya rage na Rabi, ba shi da yawa a ido. Ba gini da sunanta, kuma ban nema ba. Akwai littattafai masu rubutun hannunta, akwai Binta da 'yan'uwanta ɗalibai, akwai wani abu mai rai da ido ba ya gani, wanda ya bi ta hannun mata huɗu bai mutu ba, domin kowace a cikinsu ta ƙi jin maganar mai cewa a wanke tukunya. Ni namijin gidan, mai takardar koyarwa, ni ne na zo da sabulu. Ba na neman mai karatu ya yafe mini, wannan tsakanina da Allah ne da ita. Abin da nake nema a daina kiranta da sunan da ba nata ba.

Idan takanɗa ta nuna, durori huɗu za su tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gidana, inda kowa zai gani. Duk mai shakka ya zo da hancinsa, amma ya taho da idonsa. Zan kunna rishon Rabi, yana nan na ajiye shi, in dafa shayi a kan shuɗiyar wutar nan, kofin farko na Alhaji Ɗanlami ne in ya yarda ya karɓa. In bai karɓa ba ni zan sha, kuma wannan karon in na ajiye kofin ba zan ce a kwashe ba.

Allah ya jiƙan Rabi, ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinsu. Yau da safe waina ta yi kwantai, Ladi ta raba rabi a ƙofar gida. Da ta gama, ta rage ludayi guda a gindin tukunya, ta zuba sabon niƙa, ta rufe da faifai.